Wasan Dogon Takobi A Turai: Yadda Ake Sara Da Suka Ba Tare Da Zub Da Jini Ba

Wajen shekarar 1409 wani dattijo gwanin takobi na ƙasar Italiya, mai suna Fiore dei Liberi, ya zauna ya rubuta littafi a kan sana'ar da ya ce ya shafe fiye da shekara 40 yana bin ta. A cikin gabatarwar littafin ya ba da labari cewa sau 5 waɗansu malaman takobi, masu jin haushinsa don ya ƙi koya musu abin da ya sani, suka tilasta masa ya fito a kara. Kowane karo da takobi mai kaifi aka yi, ba sulke ba kwalkwali, daga shi sai 'yar riga mai cushe da safar hannu ta fata, ga shi kuma a baƙon wuri, ba dangi ba aboki. Ya ce duk ya fita da mutuncinsa, jikinsa ba rauni. Amma da ya zo yi wa almajiransa nasiha bai ɓoye musu kome ba. Ya ce ya gwammace ya shiga fage sau 3 cikin sulke da ya sake karawa sau ɗaya tak a irin wancan hali, domin wanda ba shi da sulke kuskure ɗaya ya isa ya raba shi da duniya.

Yau shekara 600 ke nan da 'yan kai, ga dubban mutane a ƙasashen Turai da Amurka da waɗansu sassan duniya sun koma sun ɗauki irin takobin da Fiore ya riƙa. Cikinsu akwai malaman makaranta da akawuna da ɗalibai, maza da mata, waɗanda kan taru da maraice bayan an tashi daga aiki. Sunan da suke kiran abin a taƙaice shi ne HEMA, watau dabarun faɗa na Turawan dauri. Matsalar da ke gabansu kuwa ba ƙarama ba ce. Yaya mutum zai koyi fasahar da aka tsara musamman don kisa, ya gwada ta da abokinsa da iyakar sauri, sa'an nan gari ya waye ya tafi wurin aikinsa da idanunsa biyu da yatsunsa goma?

Wane irin takobi ne?

Wanda ya saba ganin takobin da mahaya ke ratayawa a hawan salla sai ya ɗan gyara tunaninsa, domin namu da hannu ɗaya ake riƙonsa. Dogon takobin Turawa yana da mariƙi mai tsawo wanda zai ɗauki hannu biyu, da wani gicciyen ƙarfe tsakanin mariƙin da ruwan takobin don tsare hannu, da dunƙulen ƙarfe a gindi wanda ke daidaita nauyi. Kaifinsa biyu ne, kuma yana da tsini. Tsawonsa duka yakan kama daga santimita 100 zuwa 140, nauyinsa kuwa galibi wajen kilo ɗaya da rabi ne. Saboda haka zancen da akan yi, wai takubban mutanen da sai ƙato ke iya ɗaga su, tatsuniya ce ta 'yan siliman. An fi yayinsa daga ƙarni na 14 zuwa na 16, musamman a Jamus da Italiya.

Ko da yake irin faɗan baƙo ne a wurinmu, ƙarfen ba baƙo ba ne. Birnin Solingen na Jamus ya yi suna ƙwarai wajen ƙirar ruwan takobi, kuma fatake sun yi ta ƙetaro da ƙirarsa Hamada, maƙeran wannan nahiya su sa masa mariƙi da kube irin nasu. Shi ya sa ake samun tambarin maƙeran Turai a jikin waɗansu tsofaffin takubban Buzaye da na ƙasar Hausa da na Sudan.

Malami ya mutu, littafi ya rage

Abin da ya bambanta wannan wasa da dambe ko kokawa shi ne yankewar silsila. Ɗan dambe a wurin na gaba da shi ya gani, shi ma na gaban ya gani a wurin wani. Dogon takobi kuwa, da bindiga ta yi ƙarfi, kuma yayin siraran takubba ya shigo, sai aka yi ta barinsa har ya kwanta, bai bar malami ko ɗaya mai rai ba. Abin da ya rage sai littattafai cikin ɗakunan ajiya.

A wajen Jamusawa sunan da ya fi fitowa shi ne na Johannes Liechtenauer, malamin ƙarni na 14. Ya tsara koyarwarsa cikin gajerun baitoci masu wuyar fahimta, da gangan, don kada kowane kare da doki ya gane. Almajiransa da almajiran almajiransa su suka riƙa rubuta sharhi a kan baitocin, kamar dai yadda malamai ke yi wa matani sharhi a zaure. Akwai wani rubutaccen kundi a birnin Nuremberg wanda akan danganta da shekarar 1389, yana cikin mafiya tsufa da suka ambace shi. Bayansa an yi Hans Talhoffer, wanda littafinsa na 1467 ke cike da zane-zanen faɗa, da Joachim Meyer na birnin Strasbourg, wanda ya buga babban littafinsa a 1570. Akwai kuma Paulus Hector Mair, ma'aikacin hukumar birnin Augsburg, wanda son littattafan takobi ya kai shi ga sa hannu cikin baitulmali. Ya tara tsofaffin kundaye, ya biya masu zane kuɗi masu yawa, daga ƙarshe asirinsa ya tonu aka rataye shi a 1579. Ɓarawo ne, ba shakka, amma da kuɗin satar nan aka tsare abubuwa da dama da masu wasan ke karantawa yanzu.

A ƙarshen ƙarni na 19 waɗansu Ingilishi, irin su Alfred Hutton da Egerton Castle, sun yi ƙoƙarin farfaɗo da tsohon wasan, amma bai yi nisa ba. Sai daga shekarun 1990, da intanet ta sa mutum yana iya ganin hoton kundin da ke ajiye a wata ƙasa daga ɗakinsa, abin ya kama gadan-gadan. A 2009 aka kafa wata taska mai suna Wiktenauer inda ake tara waɗannan littattafai da fassarorinsu kyauta. To, amma zane ba ya motsi. Mutum zai ga hoton malami ya ɗaga takobi, ya ga na biye an riga an sari abokin gaba, abin da ya faru tsakani kuwa sai an gwada. Dalilin karawa ke nan, kuma daga nan haɗari ke shigowa.

Tsare kai kafin sara

Mai kallo da bai sani ba zai zaci kaɗe-kaɗen ƙarfe ne kawai. Alhali kuwa koyarwar Liechtenauer tsararriya ce. Ya kasa jikin abokin gaba gida 4, sama da ƙasa, dama da hagu, ya ce ta nan ƙofofin suke. Ya ce hanyoyin raunata mutum 3 ne, sara da suka da yanka. Ya kuma ba da tsayuwa 4 masu sunaye na ban sha'awa. Akwai Sa, inda ake ɗaga mariƙi kusa da kai tsini na duban fuskar abokin gaba kamar ƙaho. Akwai Garma, inda mariƙi ke wajen kwankwaso tsini na duban sama. Akwai Wawa, inda ake sauke tsini ƙasa kamar mutum ya saki jiki, alhali tarko ne. Ta huɗun ita ce ta ɗaga takobi bisa kafaɗa ko bisa kai, a shirye don sara.

Amma zuciyar fasahar tana wurin da takubba biyu suka haɗu. Rabin ruwan takobi na kusa da hannu shi ake kira mai ƙarfi, rabin wajen tsini kuwa mai rauni, domin ko yaro ya sa gindin takobinsa a kan bakin na ƙato zai iya ture shi. Misali, abokin gaba ya kawo sara daga kafaɗarsa ta dama. Ba a ce ka tare kurum ka tsaya ba. An ce kai ma ka kawo irin saran nan cikin nasa, yadda takobinka zai danne nasa ya kauce, tsininka kuma ya tsaya daidai fuskarsa. A wannan ɗan lokaci, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, sai ka ji ta cikin ƙarfen ko hannunsa ya yi sanyi ko yana turowa. In ya yi sanyi, ka zarce da suka. In ya ture ka gefe da ƙarfi, kada ka yi ja-in-ja da shi, ka zare takobinka ta sama ka sauke a ɗaya gefen, ƙarfinsa ya zame masa asara. Wannan ji ta cikin ƙarfe shi ne abin da malaman Jamus suka fi nanatawa, tare da sanin wanda ke gaba da wanda ke biye, watau wa ke tilasta wa wani ya kare kansa.

Akwai kuma wani sara da ake yi a gicciye, hannuwa a sama, babban yatsa a kwance a ƙarƙashin ruwan takobi. Amfaninsa shi ne yana rufe kan mai yinsa daga saran sama a daidai lokacin da yake neman gefen kan abokin gaba. A lura da babban yatsan nan, za a sake komowa kansa.

Shi kuwa Fiore dabbobi 4 ya zana a littafinsa don nuna halayen da yake so ga almajiri: wata kyanwar daji mai kaifin gani don lura da auna tazara, damisa don sauri, zaki don ƙarfin zuciya, giwa don tsayuwa da ƙafafu daram. Duk wanda ya duba koyarwar nan da kyau zai ga abu guda ne ke maimaituwa, cewa kowane hari dole ya zo da kariyarsa.

Yadda mutanen da suka yi

Kada a ɗauka mutanen wancan zamani ba su damu da rauni ba. A 1487 Sarki Frederick na III ya ba wata ƙungiyar malaman takobi mai hedkwata a Frankfurt izinin ita ce za ta riƙa tabbatar da wanda ya isa a kira shi malami. A biranen Jamus na ƙarni na 16 akan shirya wasan takobi a bainar jama'a, da kiɗa da 'yan kallo da kyauta. Kafin a fara sai an yi shela an ambaci abubuwan da aka hana, kamar suka da tsini, da bugu da dunƙulen mariƙi, da karya hannu, da tsokane ido, da bugun gaba. Malami kan tsaya kusa da doguwar sanda don ya raba in abin ya yi zafi. Takobin da suke amfani da shi dakusasshe ne, amma ba abin rufe fuska, kuma galibi wanda ya fara fasa wa ɗan'uwansa kai har jini ya fito shi ya ci. Meyer kansa ya rubuta cewa a zamaninsa Jamusawa sun bar sukan juna da dogon takobi. Watau su dabarun suka rage don su tsira. Mutanen yau kuwa so suke su yi dabarun duka, saboda haka sai suka dogara ga kaya.

Kayan wasa

Na farko shi ne takobin kansa. Ba a karawa da mai kaifi. Masu koyo sukan fara da na roba ko na katako, amma kowanne da aibinsa. Na roba yana santsi yana tsalle, ba ya ba da jin nan da aka ambata, na katako kuwa ba ya lanƙwasa, in aka soki mutum da shi duk ƙarfin a jikinsa zai ƙare. Wanda aka fi amincewa da shi na ƙarfe ne da ake kira feda, an kwaikwayo shi daga takubban koyo na ƙarni na 16 da ke ajiye a gidajen tarihi. Siriri ne, gefensa dakusasshe mai kauri, bakinsa a naɗe ko a faɗaɗe, kuma yana lanƙwasa idan ya soki abu. A gindinsa akwai wani faffaɗan wuri da ke taimaka wa tsaron yatsu. Duk da haka kilo ɗaya da rabi na ƙarfe ne, in ya sauka da gudu a kan ƙashi tsirara zai karya shi.

Na biyu shi ne kwalkwali mai ragar ƙarfe, wanda aka aro daga wasan siririn takobi na gasar Olamfik. Shi ma da jini aka sayi ingancinsa. A watan Yuli na 1982, a gasar duniya da aka yi a birnin Rum, takobin Matthias Behr na Jamus ta Yamma ya karye yana cikin karawa da Vladimir Smirnov na Tarayyar Sobiyet, zakaran Olamfik na 1980. Karyayyen ƙarfen ya huda ragar, ya shiga ta ido har ƙwaƙwalwa. Bayan kwana 9 Smirnov ya rasu, yana da shekara 28. Daga wannan rana aka tsananta ƙa'idojin ƙarfen takobi da na raga da na yadin riguna. Lambobin da ake gani yau a jikin kaya, 350 da 800 da 1600, ma'aunin ƙarfi ne da ake kira niyuton. Idan aka ce yadi ya kai 800, ana nufin zai jure turin tsini mai ƙarfin nauyin kilo 80 ko kusa da haka kafin ya huje.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Lambar nan huji kawai take aunawa, ba ta ce kome ba game da duka. An ƙera kwalkwalin ne don takobin da bai wuce rabin kilo ba ko ɗan fiye, ga shi an kawo shi gaban wanda ya ninka shi nauyi kuma ake sara da hannu biyu. Raga za ta tsare ido, amma ba za ta hana ƙwaƙwalwa girgiza cikin ƙoƙon kai ba. Don haka ake ɗora masa rufi mai cushe, da wani faranti mai tauri a ƙeya, tun da asalinsa bayansa a buɗe yake. Ko da hakan, buguwar ƙwaƙwalwa na cikin abubuwan da suka fi damun masu wasan, domin ba ta fid da jini, mutum sai ya ji jiri ya ce ba kome ya ci gaba. Ƙa'idar likitoci a kowane irin wasa ita ce wanda aka yi zaton ya bugu a kai ya fita, kada ya koma fage a wannan rana.

Sai makarin maƙogwaro mai tauri, wanda ake sawa a ƙarƙashin riga, domin tsini kan zame daga ƙirji ya bi ta ƙasan kwalkwali. Sai riga mai kaurin cushe, wadda ba ta da nisa da lifidin da barade ke sawa, mai wuya a naɗe don kama tsinin da ya zamo. Sai farantin ƙirji, da makarin gwiwar hannu da na gwiwar ƙafa da ƙwauri, da makarin gaba. Wanda ya sa duk wannan ya yi 'yan mintoci yana fafatawa zai jiƙe sharkaf, shi ya sa ake hutawa a kai a kai ana shan ruwa. A ƙasa mai zafi kuwa zafin kayan kansa haɗari ne.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne hannu. Hannuwa su ne mafi kusa da abokin gaba, ƙasusuwansu ƙanana ne, kuma suna maƙale tsakanin ƙarfen da ya sauko da mariƙi mai tauri, ba inda za su kauce. A farkon farfaɗowar wasan mutane sun yi ta aron safar hannu daga waɗansu wasanni, yatsu kuwa suka yi ta karyewa. Daga baya masu ƙira, musamman a ƙasar Folan, suka fito da safa mai ɓawon roba mai tauri wadda ke haɗa yatsu wuri ɗaya kamar kofato. Ta rage karaya ƙwarai. Sai dai kuma wanda hannunsa ke cikin kofato ba zai ji daɗin kwantar da babban yatsan nan a ƙarƙashin ruwan takobi ba, balle ya sauya riƙo da sauri kamar yadda littattafai suka nuna. Masu yatsu 5 a rarrabe sun fi sakewa, amma sun fi tsada, kuma kowace gaɓa ƙofa ce. Har yanzu ba a daina neman tsaka-tsaki ba.

Sulke ya kawo ganganci

Tun da aka fara manyan gasanni, irin wadda ake kira Swordfish da aka soma a ƙasar Suwidin a 2006, wani sabon ciwo ya bayyana. Mutumin da ya tabbata ba zai mutu ba yakan daina tsoron takobi. Sai ka ga mutum biyu sun rufe ido sun auka wa juna, kowa ya sari kan ɗan'uwansa lokaci guda, kowa kuma na ɗaga hannu wai shi ya riga. Da Fiore zai gani da ya ce ga gawa biyu. Bayan wannan, wanda ya ga abokinsa cikin kaya masu kauri yakan ƙara ƙarfin sara, har ya wuce abin da kayan za su ɗauka.

Masu shirya gasa sun nemi maganin abin ta hanyar doka. A wurare da yawa in aka yi ta saran juna tare har sau kaza, dukansu biyu an kayar da su. An kuma farfaɗo da wata tsohuwar ƙa'ida ta ƙungiyoyin 'yan takobi na Faransa da Beljiyam, wadda ta ba wanda aka sara damar rama sara ɗaya nan take. Ma'anarta, bai isa ka taɓa mutum ba, sai ka taɓa shi ka fita lafiya. Ana hana sara a ƙeya da gadon baya, ana hana murɗa gaɓa har ta kai ga targaɗe, kuma alƙali na da ikon hukunta wanda ya yi ƙarfin da ya wuce kima. Akwai masu ƙorafin cewa yawan dokoki ya mai da fasahar yaƙi wasan neman maki. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, amma mai yinsa bai kawo wata hanya ba wadda za ta bar mutane da yatsunsu. Gaskiyar magana ita ce ba kayan da za su tsare mutum daga abokin wasa marar linzami, shi ya sa ƙungiyoyi masu hankali ba sa barin sabon shiga ya kara da ƙarfe sai ya yi watanni yana koyon taku da auna tazara da tsai da sara kafin ya nutse.

Takobi mai kaifi bai ɓace daga wasan ba, amma tabarma ake ba shi. Akan naɗe tabarma a jiƙa ta da ruwa, dabarar da aka aro daga Japanawa, a kafa ta a kan turke, mutum ya gwada ko saransa zai raba ta biyu sumul. Nan ne wanda ya saba cin maki da taɓawar bakin takobi yakan ji kunya. A ranar gasa kuwa, kafin kowa ya shiga fage, sai ya bi layi wurin masu duba kaya. Za a danna ragar kwalkwali a ga ko ta lotsa, a dubi ko akwai fatar jiki a buɗe tsakanin safa da hannun riga, a lanƙwasa takobi a ga ko zai koma daidai, a shafa gefensa a ji ko ya yi ƙaya. In ya yi, sai mai shi ya koma gefe da magagari ya goge. Sa'an nan alƙali ya shigo tsakiya riƙe da doguwar sanda, irin wadda malaman Jamus ke riƙewa shekara 450 da suka wuce, ya ba da izinin a fara.